Jabbar Shodmon

Ranar da labarin ya iso, Mohiniso tana sunkuye a bakin tanderu tana manna gurasa. Ta ɗago ta ga limamin ƙauyen da dattawa biyu sun shigo tsakar gida, hannuwansu a baya, babu mai kallon fuskarta. Kafin liman ya buɗe baki ta juya ta dubi kyamarar da ke saman ƙofar gida, kamar ita ce za ta ƙaryata su. Babu muryar da ta fito daga kyamarar.

Ɗanta Shodmon ya faɗo daga saman ginin da suke aiki a Rasha. Gurasar ranar a tanderu ta ƙone, maƙwabciya ce ta ciro ta.

Shi ya kafa kyamarar a zuwansa na ƙarshe, bayan Mohiniso ta zame a kan ƙanƙara ta yini a ƙasa ba wanda ya sani. A bangon ɗaki kuma, kusa da murhu, ya kafa wani ɗan farin akwati mai ƙahoni biyu, wanda ke kawo intanet. Tun daga nan, in ta fito ba kaji hatsi da safe sai ta ji muryarsa daga sama, yana kiranta Ocha, wato Inna.

"Ocha, yau ma ba safa? Ina ganinki fa."

"Kai dai ka kula da tsaninka, ɗan sa-ido," take cewa, ta ɗaga masa hannu.

A ƙauyensu, kayan mamaci a bango ake rataye su har ya shekara. Ta ɗauko jabbarsa mai kauri, wadda aka cusa wa auduga, ta rasa inda za ta rataye ta ta zauna da kyau. Sai idonta ya faɗa kan akwatin. Ta buɗa ƙahonin, ɗaya dama ɗaya hagu, ta ɗora jabbar a kai. Kafaɗun suka cika. In ta waiwayo daga shimfiɗarta, sai ta ga kamar shi ne tsaye ya ba ta baya yana cire takalmi. Da safe takan yafa ta ta fita tsakar gida, in hantsi ya yi ta mayar da ita, ta hura murhu.

Bayan sadakar arba'in, 'yarta Gulnora, wadda ke aure a birnin Dushanbe, ta mayar da kyamarar kan wayarta. Ba a jima ba ta fara kira.

"Ocha, kyamarar ta sake ɗaukewa. Tun azahar ban ga komai ba sai baƙi."

"Ba ga shi kina jin muryata ba?"

"Sai da na kira har hannuna ya gaji. Da a ƙasa kike fa? Wallahi in abin nan bai gyaru ba kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, zuwa zan yi in ɗauke ki. Surukinki ma ya yarda."

Mohiniso ta san gidan Gulnora, can saman bene, taga na kallon tagar wasu. A nan kuwa, daga bakin ƙofa tana hango maƙabarta a gindin tudu, inda mijinta yake, inda aka kai Shodmon cikin akwatin ƙarfe da ba a bari ta buɗe ba. Ba ta gaya wa Gulnora wannan ba. Ta aika a kira Usto Nazar, mai gyaran waya da talabijin a kasuwa, wanda suka yi makaranta tare da Shodmon.

Ya zo da safe a kan babur, ya same ta tana watsa hatsi da jabba a kafaɗa. Ya shiga ɗaki ya duba akwatin, 'yan fitilunsa duk kore. Ya taka tsani ya leƙa kyamarar, ya juyo ga dattijuwar da yake kira Hola, wato goggo.

"Hola, wannan ai ta fi ni lafiya. Wuta ce ake ɗauke muku."

Ya sha shayi ya tafi. Da la'asar Gulnora ta kira tana kuka.

Ya sake zuwa wata safiyar. Ya bi waya daga ƙofa har ɗaki, ya sami inda ɓera ya ɗan gaigaya, ya canza ta gaba ɗaya. Ya ce ta yi kyanwa, ko ta rage dafa abinci mai daɗi. Ranar ma bayan azahar kyamarar ta ɗauke. Gulnora ta daina faɗa, ta ce kawai a fara neman mai karɓar kajin, Juma'a za su zo da mota.

Ana gobe Juma'a, Usto Nazar yana dawowa daga wani ƙauye da la'asar, ya biyo ba tare da an kira shi ba. Ya yi sallama ya shiga ɗaki, ya tsaya yana waige-waige.

"Hola, ina akwatin? Ko shi ma ya tafi Rasha?"

Ta nuna masa da haɓa. Ya ɗaga gefen jabbar, ya zura hannu, ya zare da sauri.

"Zo ki taɓa."

Ta taɓa. Zafi kamar gurasar da aka ciro yanzu.

"Kin lulluɓe shi da auduga, ga murhu a gefensa. Ko ni aka yi wa haka ai suma zan yi. In ya sha iska da safe ya farfaɗo, ki mayar masa da bargo ya sake..."

Dariyar ta tsaya masa. Ya dubi jabbar da kyau, ya saki gefen da ya riƙe.

"Ta Shodmon ce."

"Ita ya sa ranar aurenka."

"Na sani. Ga inda man shinkafa ya zubar masa."

Wuta tana ci a murhu.

"In na bar ta a nan fa?" ta tambaya.

"Haka zai yi ta ɗaukewa, wata rana ya ƙi tashi."

"In ka matsar da shi wani bangon?"

"Zan iya, Hola. Amma da ƙahoninsa zai tafi." Ya sosa ƙeya. "In kawo miki abin rataye kaya irin na shago?"

"Ba sayar da ita zan yi ba."

Ta koma ta zauna a shimfiɗarta, inda ta saba zama, ta daɗe tana kallon bayan jabbar. Usto Nazar ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Daga ƙarshe ta tashi, ta ɗage ta da hannunta, ta rungume.

"Buga mini ƙusa a can."

Ya buga. Ta rataye ta. Kafaɗun suka zube, hannuwan suka manne da jiki, ta zama jabba kawai a jikin bango. Usto Nazar ya miƙar da ƙahonin sama, ya tattara kayansa, ya ƙi tsayawa shan shayi. Kafin ya tayar da babur waya ta yi ƙara.

"Ocha, ta dawo. Ina ganin kaji. Babur ɗin wane ne a ƙofa?"

Ranar Juma'a sun zo da mota. Gulnora ta kawo safa da magani, ta kwana, ta koma ita da mijinta, suka bar Mohiniso a gidanta. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kyamarar ba ta ƙara ɗaukewa ba sai in an ɗauke wuta.

Har yau jabbar tana jikin ƙusa, ko da yake shekara ta wuce. Kowace safiya kafin ta fita, Mohiniso takan tsaya a gaban akwatin ta ɗora masa bayan hannunta, yadda ake taɓa goshin yaro. In ta ji da sanyi, sai ta ɗauki kwanon hatsi ta fita, ta ɗaga hannu sama.