Don Eulogio Ya Kai Ƙarar Ɗansa

Katanga ɗaya ce tsakanina da Don Eulogio, tsohon tela, shi ya sa duk abin da ɗansa Wilkin ke yi masa a kunnena yake. Wilkin ɗan acaɓa ne, ƙato, in ya sha giyar rake sai ya huce a kan tsohon. Duk unguwa an sani, amma wa zai tanka?

Ranar da na kai masa dafaffiyar ayaba na tarar hannunsa ya kumbura suntum, na ce, "Don Eulogio, wannan ma faɗuwa ce?"

"Faɗuwa ce, Nereida."

"Kai kullum cikin faɗuwa? Tashi, yau sai mun ga hukuma."

Na taimaka masa ya miƙe. A motar haya, duk babur ɗin da ya gifta sai tsohon ya sunkuyar da kai.

A ofishin masu gabatar da ƙara aka haɗa mu da wata lauya, Yokasta, mai tsaya wa irinsa kyauta. Ta jawo kujera kusa da shi.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Ya ce, "In na faɗa, kashe ni zai yi. In bai kashe ni ba, za ku ɗaure mini ɗa."

"Ba zan ɓoye maka ba, yana iya shiga hannu. Amma abin da zan fara roƙon alƙali shi ne a raba shi da ƙofarka."

Da ƙyar sunan ya fito daga bakinsa. Likita ya duba, ya ce karaya ce. Alƙali ya umarci Wilkin ya bar gidan, kada ya ƙara kusantar mahaifinsa. Yokasta ta sa mini lambar 'yan sanda a waya, ta ce ko inuwarsa na gani in kira.

Wata Lahadi da rana ina suyar kifi a ƙofar gida na ji ƙarar babur ɗin Wilkin. Na san shi da tarin injinsa. Wilkin ya sauko da adda a hannu.

"Ke ce munafukar, ko? Kin zama 'yarsa ke nan?"

Na lalubo wayar, yatsuna duk mai, sai zamewa suke. Ya wuce ni ya hau dukan ƙofar tsohon da ƙotar addar.

"Baba, buɗe! Magana kawai zan yi da kai!"

Na ji ana taɓa sakata daga ciki. Ban san sanda na kwarma ihu ba: "Don Eulogio, kada ka buɗe!"

Masu wasan domino a gaban kantin Chepe suka miƙe, kowa da kujerarsa a hannu. Ba su matso sosai ba, su ma a tsorace suke. Chepe ya ce, "Wilkin, ajiye ƙarfen nan, ba rake ba ne a ciki, ubanka ne."

Kiran da na yi wa 'yan sanda ya shiga. Har motar 'yan sanda ta shigo layin Wilkin yana zagina, yana rantsuwa zai dawo kaina.

Bayan sun tafi da shi tsohon ya fito, ya zauna a dokin ƙofa. Na kira Yokasta, ta ce tunda ya karya umarnin kotu za a tsare shi, kuma ni ma za ta nemar mini kariya. Don Eulogio ya karɓi wayar da hannunsa mai lafiya.

"'Yata, a can suna ba su abinci kuwa? Ba ya cin wake."