Ƙyallen da Thawin Ya Shimfiɗa

Lamduan ce da hannunta ta ɗauko littafin, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan daga baya. A wurin ƙona gawar wata gwaggonta aka raba shi, irin wanda ake ba kowa ya tafi da shi gida, da hoton mamaciyar a bango, da koyarwar Buda a ciki. Ta ajiye shi don ta riƙa ɗora tukunya mai zafi a kai. Mijinta Thawin ya janye shi wata rana da ruwan sama ya hana shi aiki.

Thawin kuwa duk unguwar an san shi. Gyaran babur yake yi, amma ya fi ƙwarewa a masifa. In ƙusa ta ƙi kwancewa, sai sifana ta tashi sama, kowa ya nemi wurin ɓuya. Lamduan ta yi shekaru tana sayar da taliya a ƙofar shagonsa, har ta iya sunkuyawa ba tare da ta zubar da romo ba.

Sai ga shi wata safiya guduma ta sauka masa a yatsa, bai ce uffan ba. Ya rufe ido, ya tsaya.

"Baban Noi, lafiya? Suma ka yi a tsaye?" in ji ta.

"Numfashina nake bi," ya ce. "Littafin ya ce in fushi ya zo, ka zuba masa ido kawai, zai gaji ya tafi."

Ludayi ya kusa faɗuwa daga hannunta. Ta yi murna, ba za a ɓoye ba. Gida ya yi sanyi, 'yarsu Noi ta dawo kawo musu ziyara. Da ya ce zai aske kai ya shiga cikin sufayen addinin Buda na tsawon damina, kamar yadda mazan ƙasarsu ke yi, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ranar askin, babban sufi ya tambaye ta a gaban jama'a ko ta yarda, don mai mata ba ya ɗaukar mayafin sufaye sai da izininta.

"Ranka ya daɗe, ku riƙe shi har abada ma in kuna so," in ji Lamduan. "Ni na huta!"

Aka kwashe da dariya. Thawin kaɗai ne bai yi ba, ita kuma ba ta lura ba.

Daminar ta yi mata tsawo. Ba ta taɓa zaton mutum zai yi kewar hayaniya ba, amma ta yi kewarsa ƙwarai. Da ruwa ya ɗauke, ta goge masa wando da riga, ta dafa shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi, ta kama hanyar gidan sufaye kafin rana ta take, tunda ba sa cin abinci bayan nan.

Ta same shi zaune a baranda cikin mayafi ruwan goro, ya rame, fuskarsa fes. Ta miƙa masa kwanon kai tsaye, yadda ta saba. Bai karɓa ba. Ya zaro ɗan ƙyalle ya shimfiɗa a gabansa, ya riƙe gefe ɗaya, don sufi ba ya karɓar komai daga hannun mace. Ta san da haka tun tana yarinya, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ita ma mace ce a wurinsa ba. Ta ɗora kwanon, ya janye.

Sannan ta ɗora kayan sawarsa. Wannan karon ƙyallen bai motsa ba.

"Baiwar ibada," ya ce a hankali, yadda sufaye ke kiran kowace mace, "ba zan tuɓe mayafin ba."

"Wace ce baiwar ibada? Ni ce fa, Lamduan! Damina ta wuce, ka tashi mu tafi."

"Kin ba da ni a gaban mutane. Kin ce har abada."

"Wasa nake yi, kai ma ka sani!"

"Na sani. Amma na zauna na duba shekarun da na ba ki, na ga gaskiya ce ta fito a cikin wasan."

Ta zage shi, ta kira shi matsoraci, ragon banza, duk don ta ga jijiyar nan ta goshinsa ta tashi. Da zai ɗauki kwanon ya wurgo mata, da ta gode. Shi kuwa kallonta kawai yake yi da tausayi, ƙirjinsa na hawa da sauka a hankali.

Sauro ya sauka a kafaɗarsa. Ba ta yi tunani ba, ta kai hannu za ta kore masa, kamar yadda ta yi sau ba adadi. Thawin ya goce da sauri, har bayansa ya bugi bango.

Ta tsaya da hannu a sama. Ta gane gocewar nan sarai, don ita ta yi rabin rayuwarta tana yi masa irinta.