Ƙahon Tagulla a Tsakiyar Damina

Zuwaira ta ɗaga sandar kiɗinta, ta bar ƙwaryar tana lilo a kife cikin bahon ruwa.

"Tsaya, Soja. Gaurakar nan taka mura take yi?"

Ma'azu ya sauke ƙahon daga bakinsa, ya juya shi, ya tsiyaye yawun da ya taru a murɗaɗɗen bututunsa. Tsumma ya cusa a bakin ƙahon don kada sauti ya tsallake danga, shi ya sa kukan ya fito a shaƙe.

"Ke dai tsare kwaɗinki. Sun riga ni shiga."

"Kwaɗi ba su jiran umurnin soja."

Taubasai ne, tun suna yara ba su iya gaisawa sai da tsiya. Shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin mabusan soja a Yamai, yana busa wa tuta da manyan da ke saukowa daga jirgi. Da ya yi ritaya da muƙamin sarja, mai igiya uku, sai ya dawo ƙauyensu, arewa da Matankari, da tsohon ƙahon tagulla da rundunar ta yar. Ita kuwa makaɗiyar ƙwarya ce, ta yi wa amare, ta yi wa 'yan bori, har zamani ya juya aka daina kiran ta.

Abin da suke haɗawa su biyu ba a taɓa jin irinsa a garin ba. Damina ce Ma'azu yake so ya busa tun daga farinta: iskar gabas, kukan gauraka a bakin tafki, hayaniyar kwaɗi, sannan saukar ruwan. Wani gidan raya al'adu a Yamai ya ce su zo bayan girbi, su yi shi a ƙaramin ɗaki gaban mutanen da za su zauna shiru. Kashi uku sun zauna. Na ƙarshen ne ya gagara. Duk yadda Zuwaira ta kaɗa, sai Ma'azu ya ce wannan surfe ne, ba ruwa ba.

Mutanen gari sun sha dariya. Kiɗan da ba a rawa, ba a yabon kowa, ba a kiran iska, to kiɗan mene ne? Amma dariyar ta tsaya tare da ruwan sama. Hatsi ya yi ciki, sai sama ta ɗauke. Ganye ya naɗe kamar taba, tafki ya tsattsage.

Jiya da la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin, har mata suka jera tukwane a gindin indararo. Ma'azu yana bakin gonarsa, ya ji iska ta shiga rassan gawo tana wani gurnani mai zurfi, sautin da ya daɗe yana nema. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗaga ƙaho ya bi ta. Daga gonaki an gan shi. Hadarin ya rabu biyu, rabi ya yi Dogon Dutsi, rabi ya bi ta yamma, aka bar su da ƙamshin ƙasar wasu.

A garin akwai doka tun ta kaka da kakanni: daga shuka har a gasa tumu ba a busa ƙaho, wai yana tsaga hadari. Duk mai hankali zai gane cewa tsofaffi sun kafa ta ne don kada samari su yar da hauya su bi farauta. Sai dai mai jin yunwa ba ya neman asalin magana.

"Yau ba wadda ta amsa gaisuwata a rijiya," in ji Zuwaira, tana goge hannu da zanenta. Babu wasa a muryarta yanzu. "Ka aje abin nan, Ma'azu."

"Dokarsu ta ƙahon gwanki ce. Wannan tagulla ne."

"To, je ka gaya wa hadari."

Sallama aka yi a ƙofa. Idi ne, ƙanen Ma'azu, da Mustafa ɗan Idin, mai shagon wayoyi a Dutsi. Ganin su tare ya fi komai ba Ma'azu tsoro. Tun ranar da Mustafa ya ƙone layun ubansa a tsakar gida, su biyun ba su sake sa hannu a akushi ɗaya ba. Yau ga su kafaɗa da kafaɗa.

"Yaya, mai gari shina kiran ka bayan azahar," in ji Idi, idonsa a ƙasa. "Ka taho da abin."

Ƙofar mai gari ta cika. Akwai tsofaffi masu warki a ƙarƙashin riga, akwai samari masu ɗangalallen wando, waɗanda ko jana'iza ba su cika tsayawa sahu ɗaya ba. Ma'azu ya zauna a tsakiya, akwatin ƙahon a kan cinyarsa. A gefe ya hangi babur ɗin Mustafa. An lulluɓe kwalayen da ke bayansa da leda mai kauri, an ɗaure tam da roba, a ranar da ko gajimare ɗaya babu.

Idi ya fara. "Abin da munka tarar ke nan, ranka shi daɗe. Ba a busa da damina. Shi ya sani, gida ɗaya anka haife mu."

"Ni ban yarda da wannan ba," Mustafa ya katse shi. "Ƙaho ba shi korar hadari, wannan shirka ce, a bar faɗin ta. Amma saɓo shina hana ruwa. Kiɗa da busa, da tsoho da tsohuwa a rufe cikin ɗaki, franchement, tsakani da Allah, Baba, ba tsari ba ne."

"Ikon Allah," in ji Ma'azu. "Uban ya ce gabas, ɗan ya ce yamma, kuma duk kun iso ƙofata."

Wani ya yi dariya, aka harare shi. Ma'azu ya juya ga ɗan ƙanensa.

"Mustafa, kai da waya ba ta barin hannunka. Mi masu duban yanayi sunka ce game da yau?"

Idon yaron ya kai kan babur ɗin, ya dawo.

"Gaibu sai Allah, Baba."

"Haka ne. To, ranka shi daɗe, ga roƙona. Ga ƙaho, a kulle shi a ɗakinka har girbi. Ko a ba ni zuwa magariba kawai. In ruwa ya sauka alhali shina nan lafiyarsa lau, kun ga ba shi da laifi."

Mai gari ya shafa gemu. Idi ma ya ɗago kai, da alama hakan ya ishe shi. Sai wata murya ta fito daga baya, ta mutumin da gonarsa ta tudu ta riga ta ƙone.

"Hatsi ba shi jiran magariba! Kuma ita tsohuwar hwa? Kullum sai ta cika baho, ta kife ƙwarya bisa ruwan, tana duka. Ruwan wa take rufewa?"

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ai tun can 'yar bori ce. Wani ya ce da safe yara sun jefi ƙofarta, kuma yara ba su jifa banza. Aka fara ambaton garin da 'yarta ke aure, can wajen Gecheme, da nisan da ke tsakani. Kowa a wurin an yi wa uwarsa ko matarsa wannan kiɗan na ƙwarya a kan ruwa ranar aure, amma ba wanda ya tuna.

Mai gari ya dubi taron, ya dubi Ma'azu. Ba azzalumi ba ne, tsoho ne mai lissafin yawan kawuna.

"Sarja, jama'a na son su ga an yi wani abu. Ko a fasa abin da ke cinyarka, ko ita ta bar garin. Kai za ka zaɓa."

Ma'azu ya buɗe akwatin. Ya zare ɗan bakin ƙarfen da ake ɗora wa leɓe, ya jefa a aljihu, ba wanda ya kula. Ya miƙe.

"Ina Habu?"

Habu maƙeri bai so ba. A maƙera ya riƙa juya ƙahon a hannunsa, yana bin murɗe-murɗensa da yatsa kamar mai duba jariri.

"Baba Soja, wanda ya ƙera wanga abu ya san aiki. Wallahi hannuna ba shi so."

"Buga nan, inda bututun ya fi siriri. Kada ka wahal da shi."

Bugun farko ƙahon ya yi wata ƙara mai tsawo, har na bakin ƙofa suka ja da baya. Na biyu bai ce komai ba. Habu ya ci gaba har ya zama faifan tagulla, aka ɗaga wa jama'a suka gani, suka watse. Mustafa ya tada babur, amma bai kama hanyar Dutsi ba, ya tura shi ƙarƙashin rumfar kwano ta masallaci.

Ma'azu ya koma gida ya zauna a bakin ɗakinsa. Zuwaira ta tafi tun ɗazu, ta bar bahon, ta bar ƙwaryoyinta uku a kife a tsakar gida. Daga inda yake yana hangen gonarsa ta saman danga, hatsin ya sunkuya. Shi ma abin da zai ci ke nan. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya rasa abin da zai roƙa. In ruwa bai zo ba, sun mutu. In ya zo yau, har jikokin Mustafa ba mai sake busa komai a garin nan. Ya mayar da hannun kan gwiwa.

Da la'asar sakaliya gabas ta yi duhu. Iska ta zo ta shiga gawo da gurnanin nan na jiya. Wannan karon hadarin bai rabu ba.

Ɗigon farko ya faɗi kan babbar ƙwarya, dum. Na biyu kan ƙaramar. Shiru. Sai uku a jere, sai kan baho, kowanne da muryarsa, ba wanda ya jira wani, ba kuma wanda ya taka wani. Ma'azu ya miƙe zaune. Ashe kuskurensu ke nan: sun yi ta cika wurin da duka, alhali ruwa da rata yake farawa. Kashi na huɗu ne ake kaɗa masa a tsakar gidansa, daga farko, yadda ya kamata.

Gari ya kaure da guɗa da kabbara, duka a haɗe. Ta cikin ruwan Zuwaira ta shigo, zanenta ya manne mata, ta tsaya a ƙarƙashin rumfa tana kallon ƙwaryoyin.

"Kina ji?" in ji shi. "Ratar nan. Kina ji?"

"Ina ji." Ta share fuska. "An gaya mini abin da ka yi, Soja. Allah shi saka." Sannan ta ce a hankali, ba ta dube shi ba, "Amma ka ga hwa ya zo."

Ya lalubo bakin ƙarfen a aljihu. Ruwan ya kai daidai inda ƙaho ya kamata ya shigo, da dogon sauti ɗaya, ƙasa-ƙasa. Ko ba ƙaho, ɗan ƙarfen nan yana iya fitar da siririn kuka. Ya ɗora shi a leɓe, ya cika ƙirji da iska.

Sai ruwan ya ɗan sassauta, kamar yadda kowane ruwa yake yi kafin ya ƙara ƙarfi. Ma'azu ya san haka sarai. Ya dubi sama, ya dubi hatsin da ya fara ɗago kai a bayan danga.

Ya saki numfashin ta hanci, a hankali, ya mayar da ƙarfen aljihu.