Karkataccen Tabarau

Ranar wata Laraba da hantsi matarsa ta rasu, shi kuma yana falo yana gyara jarida da jan biro. Babu wanda ya sa shi. Shekara shida da barinsa maɗaba'a, amma hannunsa bai samu labarin ritayar ba. Da ya shiga ɗaki don ya nuna mata yadda suka buga sakin layi ɗaya har sau biyu, sai ya tarar ta gama da jarida.

Shekara biyu da wata uku bayan haka, ranar Asabar da safe, ya tsaya a shago na uku a layin masu kayan lantarki. Na farko ya so ya sayar masa da na'urar kallon faifai. Na biyu ya ce ya sayi babbar waya kamar kowa. Wannan na ukun shagon gyara ne a ƙarshen layi, talabijin sun kai ashirin a ciki, rabinsu hanji a waje.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji mai shagon, wani kakkaura da sukundireba a bayan kunne.

"Da wannan furfurar taka kake ce mini Baba? Ka ce Malam, mu rufa wa juna asiri."

Mai shago ya yi dariya har tumbinsa ya motsa. "To, Malam. Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace wanda za ka iya gyarawa. Na'ura nake nema mai naɗar shirin talabijin a faifai. Mai naɗa, ba mai nunawa ba. Maƙwabtanka biyu ba su san bambancin ba."

"Kai! Yaushe rabon da a tambaye ni wannan? Malam, duniya ta wuce faifai. Ka ɗaga waya kawai ka ɗauka."

"Hannuna yana rawa, wayata kuma kira kaɗai ta iya. Abin da ba zan ɗora a kanta kusa da littattafaina ba, ban yarda ina da shi ba."

"Ƙwallo ce? Ko wasan kwaikwayo? Faɗa mini, ba zan gaya wa madam ba."

"Madam ɗin ce za a nuna. Yau da ƙarfe huɗu."

"Ashe mijin tauraruwa ne a shagona!"

"Ta rasu."

Mai shago ya cire sukundireban daga bayan kunne, kamar wanda ya cire hula. "Allah ya jiƙanta." Ya jawo kujera da ƙafa, ya kaɗe ta. "Zauna, Malam."

Bai yi niyyar ba da labari ba, amma kujerar ta saukar da shi ƙasa sosai, tashi kuma sai da shiri. Shekara talatin da ɗaya matarsa ta yi tana aikin jinya a ɗakin jarirai bakwaini. Shekara tara da suka wuce gidan talabijin ya yi shiri na rabin awa a kan ɗakin, ita kuma ta yi magana na minti bakwai. Shekaranjiya 'yarsu ta bugo daga ƙasar da take aiki, inda tashar ba ta kaiwa, ta ce ta ga sanarwa ana maimaita tsofaffin shirye-shirye, nasu yau ne, sau ɗaya. Jiya ya je tashar da kansa neman kwafi. Wata mai fara'a ta ba shi takarda ya cike, ta ce za a duba. Ya yi aiki da takardu tsawon rayuwarsa, ya san inda irin wannan take kwana.

Abin da bai faɗa wa mai shago ba shi ne muryar. Hotuna suna nan, wasiƙu suna nan. Amma tun bara ya lura in ya tuna wata magana tata, da tasa muryar yake jin ta, busasshiya, mai gyara. Kalmomin nata ne, bakin nasa ne. Babu inda muryarta ta saura a gidan.

Mai shago ya shiga ciki ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da na'ura biyu.

"Wannan kai tsaye take zubawa a faifai. Tana da sauƙi. Amma in wuta ta ƙifta ido a tsakiya, faifan ya tashi aiki, kai ma ka tashi aiki. Wannan kuma tana da ma'ajiya a cikinta. Can take fara tarawa, abin da ya shiga ya shiga. Daga baya ka zauna a natse ka yanke talla, ka yanke duk wanda ba ka son fuskarsa, sannan ka juye a faifai."

"Ana iya yankewa?"

"Kamar da almakashi."

"Ita nake so. Minti bakwai nake bukata, sauran surutun likitoci ne."

"To ga sharaɗina." Mai shago ya ɗaga yatsa. "Tsohuwa ce, kamar ni da kai. In ka danna ba ta tashi nan take, sai ta yi miƙa. Kada ka tsaya jiran madam ta fito sannan ka danna, za ka rasa gaisuwarta. Ka danna saura minti goma, ka ajiye rimot, ka zauna a kan hannunka. Kada ka tsayar sai ka ga wani shirin ya fara. Yankewa daga baya ne. Abin da ba ka ɗauka ba, ba almakashin da zai dawo da shi."

"Shekara arba'in ina yanke maganar mutane, yau ana koya mini."

"Shi ya sa na faɗa sau biyu. Na ga biron a aljihunka."

Sai faifai. Akwai wanda ake gogewa a sake ɗauka, akwai wanda sau ɗaya yake karɓa har abada. Malam ya nuna na biyun. Mai shago ya jona na'urar da wani talabijin mai fasasshen baki, ya gwada ta a gabansa, ya zana masa a bayan kwali yadda wayoyi za su shiga: rawaya nan, fara nan, ja nan. Ya manna guntuwar takarda a kan maɓallin ɗauka. Ya ce in an gama juyewa na'urar za ta tambaya ko a rufe faifan, dole a ce mata e, in ba haka ba wata na'urar ba za ta karanta shi ba.

"In zo in jona maka? Sai in ja ƙofar shago."

"Na iya bambance rawaya da ja."

"To riƙe wannan." Ya jefa wata maka, alƙalami mai laushin baki, a cikin kwalin. "Kada ka rubuta a faifai da wancan makamin naka, tsaga shi zai yi."

A bas ya ɗora kwalin a cinya ya rungume shi. Wata mata ta tambaya ko ƙwai ne a ciki. Ya ce kusan haka.

A gida, talabijin ɗin yana nan inda matarsa ta bar shi, lulluɓe da ƙyalle. Shi bai taɓa ganin amfanin akwatin ba, ya sha faɗa mata cewa littafi ne na waɗanda ba sa son juya shafi. Ya durƙusa a bayansa, gwiwoyinsa suna ƙorafi, ya jona rawaya da fara da ja. Ya buɗe littafin bayanin na'urar, kafin shafi na huɗu ya ga kurakurai tara. Hannunsa ya tafi aljihu. Ya dawo da shi.

Da uku da rabi waya ta yi ƙara. 'Yarsu ce.

"Baba, ka samu?"

"Na samu."

"Ka gwada? Don Allah kada ka ce mini kana karanta littafinta."

"Na gwada. Yanzu haka ina da minti uku na wani mutum yana bayani a kan takin zamani."

Ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. "Ni ban taɓa gani ba, ka sani. Ina makaranta lokacin. Kai dai ka gani."

"Na gani," ya ce. "Kashe, za ki cinye mini lokaci."

Saura minti goma ya danna. Na'urar ta yi miƙarta, jan ɗigo ya kama. Aka yi tallan sabulu, aka yi na katifa, aka sake na sabulu. Ya zauna a kujerar karatunsa, rimot a hannun kujera.

Kiɗa, sai doguwar barandar asibiti, sai ƙananan akwatunan gilashi a jere. Sai ita.

Muryar ta fi yadda yake zato siranta, ta fi sauri, tana hawa a ƙarshen magana kamar kullum tambaya take yi. Ya ji ta a ƙirji kafin ya ji ta a kunne. Tana bayanin yadda ake ɗaukar jaririn da bai cika tafin hannu biyu ba. Ta ce abu na farko ba magani ba ne, hannu ne: sai ka murza tafukanka sun yi ɗumi, domin wanda ya zo duniya da wuri bai kamata sanyi ya fara yi masa maraba ba. Ta murza su a gaban kyamara. Haka take yi kafin ta taɓa goshinsa in yana zazzaɓi. Shekara talatin da biyar ya ɗauka ɗabi'a ce kawai.

Tabaraunta kuwa a karkace, ɓangaren hagu ya sauka.

Ya san dalili. Ana gobe za a ɗauki shirin ya zauna a kan tabaraun a wannan kujerar, ƙafarsa ɗaya ta ɓalle. Ya ɗaure ta da zaren ɗinkin littafi, ya ce ya fi sabo. Ranar da aka nuna shirin tana wurin aiki. Ya zauna da yatsa a cikin littafi, ya ba ta minti bakwai ɗinta cif, da babban likita ya fito ya kashe ya koma shafinsa. Da yamma ta shigo, ko takalmi ba ta cire ba.

"Jan Biro, ka gani?"

"Na gani."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"To, yaya?"

"Tabaraunki a karkace yake."

"Haka ne," ta ce, ta wuce ta canza kaya. Ba ta sake tayar da maganar ba. Shi kuma ya daɗe yana ganin ya yi abin dariya.

Yanzu ga babban likitan ya sake fitowa, da wuyan riga mai tauri. Yatsan Malam ya isa kan rimot da kansa. Ya tuna kakkauran mai shago, ya ja tsaki, ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa. Likita ya yi magana, wani jami'i ya yi magana, wata uwa ta yi kuka. Kiɗa ya dawo, sunaye suka fara hawa.

A bayan sunayen aka nuno baranda. Matarsa tana tsaye da mai gabatarwa, ana cire mata ƙaramar makirufo daga wuyan riga. Ba a kashe sauti ba.

"Sista, da kin bari mun ara miki wani tabarau," in ji mai gabatarwar tana dariya. "Wannan ya sha wuya."

Ta cire shi, ta juya shi, farin zaren ya fito ɓaro-ɓaro. Ta shafa ƙullin da babban yatsa.

"A'a, bar mini abina. Maigidana ne ya ɗaure shi jiya. Gyara ne aikinsa, ba ya iya ganin abu ya karye ya wuce." Ta mayar da shi a fuska, ya sake karkacewa. Ta dubi kyamara kai tsaye ta ɗaga hannu. "Zai gani. Ba ya son talabijin, amma wannan zai kalla."

Sai tallan katifa.

Bai motsa ba har wani shirin ya fara, har ya yi nisa. Sannan ya zaro hannunsa, wanda ya riga ya mutu da zama, ya danna tsayawa.

Waya ta yi ƙara.

"Baba, ya kamu?"

"Ya kamu."

"Duka?"

"Duka."

"Yaya take?"

Ya buɗe baki. Amsa mai kaifi ta zo, kamar kullum, a shirye. Ya bar ta ta wuce. "Za ki gani," ya ce. "Zan aiko miki da naki. Ki kalla har ƙarshe."

"Ka yanke tallan dai, na san ka."

"Ban yanke komai ba."

Ya sa faifai. Na'urar ta nuna masa almakashinta, ya wuce shi. Ta juye sabulu da katifa da likita da jami'i da minti bakwai da abin da ya biyo baya. Ya ɗauki makar mai laushin baki ya riƙe, yana jira. Daga nan rubutu ya fito a kan talabijin: a rufe faifan? Bayan an rufe ba za a iya ƙara komai ba.

Ya daɗe yana kallon tambayar. Shekara bakwai ta rayu bayan wancan yammacin, tana zuba masa shayi, tana murza hannu kafin ta taɓa goshinsa, tana ganin ya ji abin da ta faɗa a baranda, kuma abin da ya samu ya ce mata ke nan: tabaraunki a karkace yake.

Ya danna e. Na'urar ta fara gurnani a hankali.

Abin da zai ƙara ɗin ba shi da tsawo, ko layi ɗaya bai cika ba: ƙarya na yi miki, ban kalla har ƙarshe ba.