Tafintan Hipolit

Feliks na cikin tsinkar tumatir a bayan gida, maƙwabciyarsa Maureen ta leƙo ta kan shinge.

"Don Allah zo ka ji min. Tun safe yake magana, ko kalma ɗaya ban kama ba."

Mijinta Hipolit take nufi. Shekara talatin da tara yana Turanci da ita a gidan nan na birnin Hobart, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ranar Talata Turancin ya gudu, sai harshen Poland ya rage. Duk layin Feliks kaɗai ke jinsa. Tare suka shiga rundunar 'yan Poland da aka haɗa a Siriya bayan an ci ƙasarsu, tare suka sha rairayin Tobruk, tare jirgin ruwa ya sauke su nan tsibirin Tasmaniya aikin gina dam.

Feliks ya iske shi kwance kusa da taga, an yi masa aski, baki ya karkace.

"Kofur, ka yi tumbi," in ji Hipolit.

"Kai kuma ka kwanta a bakin aiki, tsohon banza."

Hipolit ya kamo hannun rigarsa. "Ka ga Halina? Na ce ta jira ni a tashar Lwów. Kwana goma na ce mata."

Feliks ya san labarin. Halina amaryarsa ce, wata uku da aure yaƙi ya raba su. Hipolit ya yi shekaru yana aika takardun cigiya, ba amsa, ya haƙura ya sake aure, bai kuma ambatonta ba.

"Me ya ce?" Maureen ta tambaya daga ƙofa.

"Wai har yau ba ki iya miyar kabeji ba."

Ta yi 'yar dariya, ta zauna bakin gado.

"Feliks, suna ba ya son tafinta. Hotonta na cikin gwangwanin lambobin yabonsa na soja, ni nake goge masa ƙura. Nemanta yake?"

"Ita yake nema."

"To koya min yadda ake cewa 'ga ni'."

Ya faɗa mata. Ta maimaita, ya gyara, ta sake, har sau huɗu. Sannan ta sunkuya daidai kunnen mijinta ta faɗa, a karkace dai. Hipolit ya saki rigar Feliks, ya lalubo hannunta.

"Kin daɗe," ya ce.

Wannan ba ta nemi fassara ba, Feliks ma bai yi ba.

Ranar Juma'a da la'asar Hipolit ya cika. Mutum huɗu suka rage daga rundunar, suka zo jana'iza da hulunansu na soja, ɗaya a keken guragu.

Washegari da hantsi Feliks ya hango Maureen a baranda, ta ajiye shayi ya huce. Rigunan Hipolit uku na kan igiya, sun bushe tun jiya, iskar da ke saukowa daga kan dutse na kaɗa hannayensu.