Babban Mutum Bai Amsa Ba

Kada ka ce ba ka sani ba. Ka taɓa zama a irin wannan ɗakin taro, mai dogon tebur da na'urar sanyi da ke ɗiga a bokiti, aka wulaƙanta wani a gabanka, kai kuwa ka sunkuyar da kai kana wasa da murfin biro. To ga abin da ya faru lokacin da kake kallon biron nan naka.

Wani kamfani ne mai sayar da kujerun ofis, da tebura da kabad. A sashen ciniki akwai wata mata da ta fi kowa daɗewa, kowa Anti yake ce mata, har da Manaja da ya zo jiya-jiya da takalminsa mai ƙara. Wata Litinin Manaja ya shigo da sabon abu. Ya ce an sayo manhajar ciniki, kowa zai haɗa akwatin imel ɗinsa da ita. Duk wanda ma'aikaci ya aika wa saƙo, manhajar za ta buɗe masa shafi, ta nuna ko ya amsa ko bai amsa ba.

"In ga wa ke aiki, wa ke ɗumama mana kujera," in ji shi.

Anti ta ɗaga hannu. Ta ce ita akwatinta na kanta ne. Tun kafin kamfani ya raba wa mutane adireshi take aiki da shi, tsofaffin kwastomomi can suka san ta.

"Inda kwastoma yake, nan za mu haɗa," Manaja ya ce, bai ko dube ta ba.

Da mai kula da kwamfutocin ofis ya zo teburinta, ta riƙe hannun rigarsa.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Abin nan me zai yi a cikin akwatina?"

"Karatu kawai, Anti. Ba ya rubutu, ba ya gogewa, ba ya taɓa komai. Danna nan, inda aka ce kin yarda."

Ta danna. Ta ɗauka na'ura ce za ta karanta, kamar yadda sikeli ke karanta nauyi ya manta. Ba wanda ya gaya mata cewa bayan na'urar akwai idanu.

Akwatin nan ɗanta ne ya buɗe mata shi. Tun yana ƙarami yake tafiya da hannuwa a baya kamar mai duba gini, shi ya sa take ce masa Babban Mutum, kuma da sunan ta ajiye adireshinsa. Bara mota ta buge shi a kan babur, yana hanyar komawa makaranta, ya rasu. Aka kawo mata wayarsa da fuska a fashe. Ta sa ta a aljihun tebur kusa da gadonta, ba ta taɓa barin cajinta ya ƙare ba. In an tashi hutun rana, sauran sun fita neman abinci, sai ta rubuta masa layi biyu ko uku. In ta koma gida ta tarar da ɗan hasken wayar yana ƙiftawa, sai ta san saƙo ya isa. Iyakar abin ke nan. Ko ƙanwarsa da ke kwana ɗaki ɗaya da ita ba ta sani ba.

Manhaja ba ta san mutuwa ba. Ta ga adireshi an aika masa saƙo ba iyaka, bai taɓa amsawa ba, sai ta shafa masa jan launi ta ɗora shi a saman jerin kwastomomin da suka yi shiru.

A taron mako na gaba Manaja ya kunna babban allon bango, yana murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Anti, wane ne Babban Mutum?"



"Ba kwastoma ba ne, ranka ya daɗe."

"Ba kwastomanmu ba ne, kike nufi. Kin samu babban kifi kin ɓoye, kina cinikinki ta bayan gida da kujerunmu."

"Don Allah kada ka buɗe."

"Ni ba na taɓa komai. Karantawa kawai zan yi."

Ya buɗe, ya gyara murya. "Babban Mutum, yau ma shiru? Na ga wani da irin tafiyarka a bakin titi, har na bi shi."

Wani matashi da ake kira Mai Turare, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya buga tebur.

"Lallai Anti. Ashe tsohuwar tukunya na nan da zafinta."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Manaja ya ji daɗin kasuwar da ya tara, ya gangara ƙasan shafin, ya ci gaba da karantawa.

"Na wanke farar rigar nan taka, har yanzu tana ƙamshinka."

"Har da wanki," in ji Mai Turare. "Mu da muke gabanta ko hankici ba ta taɓa wanke mana ba."

"Ƙanwarka ta ci jarrabawa. Na je wurinka ranar Asabar, ciyawa ta rufe kabarin, na cire da hannuna."

Dariyar ta mutu a maƙogwaro. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa a bokiti. Anti tana zaune, hannuwanta a kan cinya, tana kallon rubutunta a bango, kowane harafi ya kai girman tafin hannu.

A nan ne mutum zai kashe allo ya ba da haƙuri. Amma Manaja ya riga ya hau, kuma irinsu sun fi tsoron saukowa a gaban yaransu fiye da tsoron Allah. Sai ya matsa da 'yar kibiyar kwamfuta zuwa gefen saƙon.

"Allah ya jiƙansa. Amma ku duba lokacin da aka aika wannan. An riga an dawo daga hutu. Da wannan ma. A kwamfutar kamfani, da wutar kamfani. Ban ce kada kowa ya yi makoki ba, amma akwai gida."

Mai lissafi ta gyara gilashinta. Shugaban direbobi ya duba agogo. Waɗannan mutanen duk sun je mata gaisuwa bara, sun zauna a tabarmarta.

Bayan taro ta sami mai kwamfuta a lungunsa, tsakanin wayoyi da tsofaffin firintoci.

"Cire ɗana daga manhajar nan."

"Anti, wallahi ba zan iya ba. Ni ma iznin karatu kawai aka ba ni. Gogewa sai Manaja."

"To raba akwatina da abin."

"In na raba, daga yau ne zai daina ɗauka. Abin da ya riga ya kwasa yana can."

Ta tafi ofishin Manaja. Ya bar ta a tsaye har ya gama waya, sannan ya ce duk abin da ya shiga manhaja ya zama kayan kamfani. In ya goge wa mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa labarin. Wanda kuma ya raba akwatinsa, to ya nuna yana da abin ɓoyewa, ƙofa a buɗe take.

"Me aka yi miki ne wai? An canza miki harafi ɗaya? An goge miki wani abu? Komai na nan yadda kika bar shi."

Ta tuna 'yarta da makaranta, ta tuna shekarunta, da yadda ba mai ɗaukar mace irinta sabon aiki. Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ta koma teburinta.

Daga ranar ba ta sake rubuta wa ɗanta ba. Ta gwada sau ɗaya, ta rubuta sunan, sai ta ji muryar Mai Turare tana karanta shi, ta goge. In an tashi hutun rana sai ta zauna tana kallon bango. Manaja har yabonta ya yi a taro, wai ta dawo hayyacinta.

A ƙarshen wata aka tattara duk kwastomomin da suka yi shiru aka miƙa wa Mai Turare, ya farfaɗo da su. Ya rubuta saƙo ɗaya ya watsa wa kowa.

Ranar Asabar da safe Anti na share ɗaki, sai ta ji wayar ta yi ƙara a aljihun tebur. Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Ita ba ta aika komai ba. Ta san ba zai yiwu ba, ta sani sarai, amma duk da haka ta jawo aljihun, ta buɗe saƙon ta cikin fasasshen gilashi.

"Ranka ya daɗe Babban Mutum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mun ji ka shiru kwana biyu. Muna da sababbin kujeru masu hana ciwon baya, ga rangwame na musamman dominka."

Ta karanta har ƙarshe. Sannan ta zare cajin daga bango, ta naɗe wayar a farar rigar, ta tura can ƙarƙashin kaya.

Abin da ba ta sani ba, manhajar tana gane in an buɗe saƙo. Ranar Litinin, da aka kunna allo, jan launin da ke kan sunan ya koma kore. Mai Turare ne ya fara gani.

"Anti, albishirinki. Mutumin naki ya motsa. Ke shekara guda kina fama bai kula ki ba, ni saƙo ɗaya ya buɗe."

Wasu suka yi dariya. Mafi yawa suka sunkuyar da kai, kowa da bironsa.

Kana cikinsu. In ba a wannan ɗakin ba, a wani mai kama da shi. Gobe in ka shiga wurin aikinka, ka tambaya da babbar murya, a gaban kowa, wane ne ke karanta akwatunan mutane kuma wa ke da ikon gogewa, kada ka zauna sai an ba ka amsa. Ran da kuma aka haska asirin wani a bango, ka ajiye biron nan, ka tashi ka zare wayar wutar allon.