In Sun Buga Gilashi, Ki Taka

Shekarata goma sha tara ina sayar da motoci masu sulke a São Paulo, amma ban taɓa ganin mai saye ya shigo mini da igiyar awo ba sai Seu Jomon. A nan Seu muke ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Dona. Wata Juma'a ce a watan Janairu, wajen ƙarfe uku, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ko kallon manyan motocin da muka jera a gaba bai yi ba. Ya durƙusa gaban wata 'yar ƙarama ƙirar Jamus mai ruwan toka, ya ja igiyarsa daga madubi zuwa madubi, ya duba takardar da ke hannunsa, ya sake aunawa.

Na ce, "Seu, in tela kake nema, yana layin baya."

Bai yi dariya ba. Ya miƙe ya nuna mini takardar. Awo biyu ne a rubuce. Na sama, faɗin wurin ajiye mota na benensu. A benayenmu ƙuri'a ake jefawa don raba wurare, amma ko ta yaya aka jefa, baƙo ne ke tashi da wanda ke matse tsakanin ginshiƙi da bango. Na ƙasa kuma tsawon keken jariri ne in an naɗe shi, don a ga ko zai shiga but.

Injiniya ne daga Kochi ta Indiya, wata takwas da kamfaninsu ya turo shi. Matarsa, Dona Tessy, tana zaune kusa da ƙofa da ciki wata bakwai, ta rungume jakarta. Kofin da aka kawo mata ya huce ba ta taɓa ba.

Ya ja ni gefe, da Fotugis ɗinsa mai tuntuɓe ya faɗa mini komai. Kwana goma sha biyu da suka wuce tana cikin tasi, an tsaya a danja, wasu biyu a kan babur suka fasa gilashi. Bindigar a cikinta suka ɗora ta, suka fizge waya da sarƙar aurenta. Tun ranar ba ta sake fita ba. Ta yanki tikitin jirgi na ranar Lahadi, za ta je ta haihu a gidan mahaifiyarta, ta kuma ce ba za ta dawo ba. Ya yi roƙo har ya gaji. Daga ƙarshe ta ba shi sharaɗi ɗaya: a samo motar da harsashi ba ya shiga, wadda ita da kanta za ta tuƙa, wadda kuma za ta shiga garejinsu. In ta zauna a ciki ta ji hankalinta ya kwanta, za ta fasa tafiya.

Ya ce, "Dona Zuleide, kwana biyu gare ni. In ta hau jirgin nan, a waya zan ga ɗana."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ƙananan masu sulke uku gare mu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya da igiyarsa. Fara ta yi faɗi da yatsa huɗu. Baƙa ta shiga awon gareji, amma but ɗinta ko kwandon kasuwa da kyar. Mai ruwan tokar nan ce kaɗai ta ci awo biyun.

Na je na durƙusa gaban matar. "Dona Tessy, taso ki gaisa da motarki."

Ta taso da kyar. Na sa ta ja ƙofar direba, ta ja da hannu ɗaya ta kasa, sai da ta haɗa da na biyu. Na ga idonta ya ɗan buɗe. Nauyin ƙofar nan shi ke sayar mana da mota, ba fatar kujera ba. Na ɗauko gudumar da muke ajiyewa don wannan aikin, na maka wa guntun gilashin gwaji iya ƙarfina. Ko tsagewa bai yi ba. Na nuna mata gilashin baya ba ya sauka sam, na gaba kuma taƙi ɗaya kawai. Na buɗe ƙofofin baya na murɗa ɗan makullin yara na kowacce, na ce, "Kin ga wannan? Don jaririnki. Ko ya yi wayo ya ja hannun ƙofa, ba za ta buɗu daga ciki ba."

Sai na yi mata karatun da nake yi wa kowa, wanda ni ma aka yi mini ranar da na fara aiki.

"Ƙa'ida ɗaya ce, Dona. In kina cikin motar nan, ba kya buɗe wa kowa. Ko kuka yake, ko jini yake zubarwa, ko ya ce tayarki ta sace. In masu babur suka buga gilashi, kar ki dube su, kar ki saurare su. Ki taka mota ki wuce. Maimaita mini."

Ta ce, "In sun buga, in taka."

"Yauwa. Kin zama 'yar gari."

A karo na farko ta yi murmushi. Mijin ya juya baya yana goge tabaransa.

Ta ce sai ta tuƙa. Na leƙa sama, na ga abin da ke tahowa, kuma ni ba yarinya ba ce, na san ruwan Janairu. Amma ba ma fitar da mota gwaji ranar Asabar, Lahadi kuma jirgi. Na ce a raina zagaye ɗaya ne, minti goma. Ta shiga gaba, mijin a gefenta, ni na zauna baya.

Ta iya tuƙi, wannan kam zan ba ta. Sau biyu kawai ta nemi sigina ta kunna abin share gilashi, don a ƙasarsu sitiyari a dama yake. Ta yi ta dariyar kanta, tana ce wa mijin, "Ichaya, ji shiru! Ko hon ba na ji." Haka take kiransa, Ichaya. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake.

Ba mu kai mahaɗa ta uku ba ruwa ya ɓarke. Ba yayyafi, ba gargaɗi, kamar an kifar da tanki. Na ce ta yi dama mu koma ta hanyar da ta bi ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ita ce mafi kusa. Na sunkuyar da kai ina rubuta wa ofis saƙo cewa muna dawowa.

Duk wanda ya girma a garin nan ya san 'yan babur masu kai saƙo a bakin gada suke fakewa in ruwa ya sauko. Ya kuma san in ƙasan gadar ya cika, su ne ke fitowa tsakiyar titi su tare motoci su mayar da su. Ba wanda ya sa su, haka kawai ake yi. Na sani, jikata 'yar shekara bakwai ta sani. Ban faɗa wa Dona Tessy ba, don ba ya cikin karatun sayar da mota.

Bam! Bam! Bam!

Na ɗago kai. Mutum uku cikin hular kwano da baƙar rigar ruwa sun kewaye mu, ɗaya yana dukan gilashinta da tafin hannu, bakinsa yana motsi. Gilashin nan mai kauri ya haɗiye maganarsa.

Na yi ihu, "Tsaya! Dona, tsa..."

Ta riga ta taka. Motar ta yi tsalle, mutanen suka watse, muka gangara cikin duhun gadar. Na ji ruwa ya daki gabanmu kamar bango. Motar ta yi ɗan lilo, ta zame dama, ta manne da bangon siminti. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Shiru. Sai ƙarar ruwa yana gudu a jikin ƙarfe.

Seu Jomon ya tura ƙofarsa, bango ya tare ta. Na ja hannun ƙofar hagu ta baya, ta ƙi. Na sake ja. Sai na tuna makullin yaran da na murɗa da hannuna, na manta ban mayar ba. Wayyo ni Zuleide! Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa, ya jiƙa mini takalmi, sanyi kamar ƙanƙara. A waje ya kai hannun ƙofa. Fitilun gaban direba suna nan a kunne, amma na san ba za su daɗe ba, kuma in suka mutu maɓallin buɗe ƙofa ya mutu tare da su. Gilashin kuwa, ni na nuna musu da guduma abin da yake iyawa.

Ƙofa ɗaya ta rage, tata. Ita kuma ta ƙanƙame sitiyari, idonta a kan madubi.

Ta ce, "Suna zuwa. Ichaya, sun biyo mu."

Gaskiya ne. Uku ɗin nan sun shigo cikin ruwan, ya kai musu ƙugu, suna riƙe da juna. Na gaba ya iso ya kama hannun ƙofarta yana ja, yana dukan gilashi.

Na ce, "Dona Tessy, danna maɓallin nan na kusa da gwiwar hannunki. Ba ɓarayi ba ne. Ruwa suka so su faɗa mana."

"Ke kika ce ko kuka suke kar in buɗe."

"Na faɗa. Yanzu na ce ki buɗe!"

"Kin ce ko me suka ce ƙarya ne."

Mijin ya miƙa hannu ta kanta zai danna, ta buge hannun, ta rufe maɓallin da jikinta tana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Ya yi ta yi mata magana da yarensu, a hankali, da sauri, a hankali. Ruwa ya haura ƙaurina. Fitilun suka yi fari-fari suka dawo. Tsoro ya kama ni sosai. Raina kuma ya ɓaci, ba da ita ba, da bakina.

Na zura kaina tsakanin kujerun, na daki gilashinta, na yi wa mutumin nuni ya cire hular. Bai gane ba. Na kama kaina da hannu biyu na ɗaga. Sai ya fizge ta ya saki, ruwa ya tafi da ita. Dattijo ne, kansa duk furfura, da gibi a gaba, ruwa na zuba a fuskarsa. Ya dubi cikinta, ya haɗa hannu biyu yana roƙo.

Na ce, "Dube shi, 'yata. Dube shi da kyau. Ƙarya na yi miki ɗazu. Mota nake son sayarwa, shi ya sa na ba ki rabin magana. Ruwan nan ya kusa kai inda ɗanki yake kwance. Danna."

Ta dubi ruwan da ya fara hawa kujerarta. Ta dubi dattijon. Na ji ƙas, makullin ƙofofi ya buɗe.

Su uku suka taru a kan ƙofar, mu muna turawa daga ciki, nauyin nan da nake taƙama da shi ya kusa kashe mu. Da ta buɗe ruwa ya afko har ƙirji. Suka zaro ta, biyu suka haɗa hannu suka yi mata kujera. Mijin ya bi ta kan sitiyari. Ni dattijon ya jawo ni ta ƙofar baya, yana cewa, "Taho, Dona, saki jakar, ba ta fi ki ba."

A saman gangaren suka zaunar da ita kan akwatin kai saƙo, wani ya lulluɓa mata rigar ruwansa. Da muka waiwaya, rufin motar kaɗai ake gani. Dattijon, Seu Genivaldo sunansa, ya tsaya gabanta yana haki.

"Haba, Dona! Mun buga, mun yi ta bugawa. Me ya sa kika taka?"

Ba ta yi fushi ba, ba ta nuna ni da yatsa ba. Haƙoranta na kaɗawa ta ce, "Haka aka koya mini."

Ya juyo ya dube ni, da katin kamfani rataye a wuyana. Sai ya kau da kai. Da ma ya zage ni.

A asibiti suka ce jaririn lafiya lau. Na tsaya har na ji da kunnena, sannan na tafi gida. Asabar na kira sau biyu ba a ɗaga ba.

Ranar Litinin da safe ina shan kofi sai ga Seu Jomon, shi kaɗai, bai yi aski ba. Ban tambaya ba, shi ya faɗa. Matarsa ta tafi. Ya ce a filin jirgi ta ce masa ba ruwan ne ya kore ta ba, ba ma bindigar ba. Ta ce ba za ta iya renon ɗa a garin da ba ta san wanda za ta buɗe wa ba.

Na ce, "Seu, laifina ne."

Ya girgiza kai, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce har yanzu yana bukatar motar zuwa aiki, ƙarama, marar sulke. Ya miƙo mini takardarsa. An yage ƙasanta, awo ɗaya ya rage.

Na kai shi gaban wata ƙaramar fara wadda ba a yi wa sulke ba, ya naɗe madubanta ya auna, ta shiga. Na buɗe ƙofar baya, hannuna da kansa ya tafi kan makullin yara, bakina har ya fara, "Ka ga wannan..."

Ya ce, "Bar shi, Dona Zuleide. Ba mai zama a baya."